Kawuna da Ya Ƙwace Mini Makullin Babur ɗin Ruwa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da la'asar aka sallaci Kawu a masallacin Annabi, muka kai shi maƙabartar Baƙi'a, muka dawo unguwarmu Harra ta Yamma muka tarar maƙwabta sun riga sun jera kujeru a ƙofar gida, ana zagayawa da gahawa da dabino. Kawu yayan mahaifiyata ne, shi kaɗai ne namiji a ɗakinsu, kuma shi ya tsaya mana tun da mahaifinmu ya rasu. Allah bai ba shi ɗa namiji ba, saboda haka ni aka tsayar a farkon layin masu karɓar gaisuwa.

Mutane suka yi ta zuwa suna dafa kafaɗata. Samari suna cewa "Azzamallahu ajrakum," tsofaffi suna cewa "Allah ya ji ƙansa, ya ba ku haƙuri." Amininsa, wani dattijo mai gonar dabino a unguwar Awali, bai ce ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ya riƙe hannuna ya daɗe, sannan ya ce, "To yanzu wa zai riƙa yi mini faɗa?" Ya koma kujerarsa ya rufe fuska da gefen mayafin kansa.

Ma'aikatan gonaki 'yan Chadi suka zo cike da bayan mota, da kayan aikinsu a jiki. A cikin gida, mahaifiyata ta gaya mini daga baya, matar Kawu ta ɗauko wani tsohon tiren shayi da ya yi baƙi, ta ajiye a gabanta. Shekaru ta yi tana rigima da shi a kan tiren nan, don a ciki yake wanke ƙananan kayan inji da fetur. Ta ce kada kowa ya wanke mata shi.

A rana ta biyu wani mutum ya iso daga Yanbu, garin bakin teku da ke yamma da mu, tafiyar sa'o'i a mota. Hausarsa ta mutanen Sudan ce. Ban san shi ba. Ya ce yana ba da hayar tsofaffin babura biyu na ruwa a bakin teku, da su yake ciyar da iyalinsa. Wata shekara duka biyun suka ƙi tafiya ana gab da hutu, wani ya ba shi lambar Kawu. Ya kira don neman shawara kawai, sai ga tsoho washegari ya sauko daga bas da jakar kayan aiki.

"Kwana uku ya yi a ɗakina," in ji mutumin. "Bai taɓa injin da hannunsa ba. Yana zaune a kan bokiti yana cewa kwance nan, hura nan, a'a ba haka ba. Na ji haushi a lokacin. Ashe so yake kada in ƙara bukatar kowa."

A gidanmu babu wanda ya san da wannan tafiyar. Matar Kawu ta ce ita dai ya gaya mata zai je ya ga teku.

'Ya'yana mata biyu suna jin Hausa sarai, amma da Larabci suke amsawa. Ina rubuta wannan da Hausa ne saboda da ita Kawu ke yi wa inji magana, da ita kuma ya yi mini faɗan da ya fi kowane amfani a rayuwata, kuma ba na so ya ɓace.

A nan Madina aka haife shi. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa don aikin hajji, ya zauna. Kawu yana saurayi ya tafi Yanbu ya koyi gyaran injin kwalekwalen masunta, bai dawo ba sai da kakarmu ta kwanta ciwo. Ya buɗe warsha, wato ɗan garejinsa, a Awali, jikin katangar gonar amininsa, ya koma gyaran injinan ban ruwa. Madina ba ta da teku, amma tana da mutanen da ke zuwa hutu Yanbu su dawo suna jan babur ɗin ruwa a tirela, ya lalace. Da sannu aka gane akwai wani tsoho a cikin dabino da ya san kansu.

Tambayarsa ta farko ga duk wanda ya kawo inji ita ce, "Me ka taɓa?" Ba ya tambayar me ya same shi sai ka fara faɗin abin da kai ka yi masa. In aka tada injin kuma mai shi ya fara bayani, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Bari ya gama magana tukuna." Ya karkatar da kai, ya lumshe ido, wani lokaci ya ɗora kan sukudireba a jikin injin ya kanga kunnensa a ƙotar. Yana da jinkiri, ba zan ɓoye ba. Aikin da wani zai yi a wuni shi sai ya kai mako. Kuma bakinsa ba ya duba wurin da yake, zai iya kunyata babban mutum a gaban iyalinsa bai ma lura ba. Ni ma haka ya yi mini.

Na sayi wani tsohon babur na ruwa a hannun abokin aikina, ban shawarci Kawu ba don na san abin da zai ce. Na yi wa 'ya'yana alkawarin a hutun ƙaramar salla za mu je Yanbu in ɗauke su a kansa. Saura kwana uku na tada shi a tsakar gida, na haɗa masa tiyon ruwa don kada ya yi zafi. Ya tashi da ƙyar. Silonsa, wato tafiyar da inji ke yi da kansa in ka saki totur, ya yi ƙasa sosai, yana girgiza yana tari, da na saki sai ya mutu. In na ba shi wuta kuma sai ya yi kamar zai shaƙe kafin ya ɗauka. Na leƙa na ga ɗan sukurun da ke ɗaga silo, na murɗa shi sau biyu. Injin ya daina mutuwa, ya riƙa ruri. Na ce shi ke nan.

Ranar salla Kawu ya zo cin abincin rana, da surukaina da ƙannen matata duk suna nan. Na ja su tsakar gida don in nuna musu. Na tada shi, ya ɗauka da ƙara. Kawu ya tsaya ya saurara kamar minti ɗaya.

"Me ka taɓa?"

"Silo kawai na ɗan ɗaga, Kawu."

"Rufe ruwan. Kashe shi."

Na rufe, na kashe. Ya miƙa hannu ya zare makullin, irin mai igiya da ake ɗaurawa a wuyan hannu, ya jefa a aljihun rigarsa.

"Wannan ba zai shiga teku da jikokina ba," ya ce. "Ba ka gyara komai ba. Mutum yana tari ka sa shi ya yi ihu don kada a ji tarin."

Wani ƙanen matata ya yi 'yar dariya. Ita ce ta hau mini kai. Na ce, "Kawu, ka bar teku tun ban yi wayo ba. Injinan yanzu ba famfon gona ba ne. Ba ni makullina."

Ya juya. Ya shiga ya gaida mahaifiyata, ya ce ya ƙoshi, ya tafi da makullin. Muka je Yanbu ba babur, 'ya'yana suna kallon na wasu daga bakin ruwa, ni kuma ina ta cika. Mako biyu ban kira shi ba.

Mahaifiyata ce ta kira ni ɗakinta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Wanda ka gaya wa magana a gaban surukanka, shi ya ɗauke ka a kafaɗa ranar da aka binne ubanka. Ko shi ne da laifi sai ka je, balle ban san shi da hana abu a banza ba."

Na je da safe, na ja babur ɗin a bayan mota don in samu abin fakewa. Na tarar da shi yana shan shayi a ƙofar warsha. Na durƙusa na fara ba shi haƙuri, ya katse ni.

"Tayyib. Ka kawo shi? Shigo da shi inuwa."

Haƙurin ke nan, bai bari na ƙarasa ba, bai kuma ƙara tada maganar ba har ya bar duniya.

Abu na farko da ya yi shi ne ya mai da sukurun nan inda yake. Ya ce in ba a bar inji ya nuna ciwonsa ba, ba za a san inda yake ba. Ya buɗe tanki ya sansana fetur ɗin, ya yamutsa fuska.

"Wannan banzin ɗin ya kwana biyu. Ya fi shekara a ciki, ya yi tsami."

Muka zuƙe shi duka. Sannan ya sa na kwance filogi biyu, na silindar gaba da na ta baya, ya jera su a tafin hannunsa ya ce in duba. Na gaba baƙi ne, jiƙe. Na baya fari fat, a bushe.

"Na gaba yana cin abinci, na baya yana azumi," in ji shi. "Shi ya sa yake ɗingishi. Kai kuma ka ɗaga silo, ka ce wa mai azumi ya yi gudu. In ka fita da shi haka ka ba shi wuta sosai, ta bayan za ta yi zafi ta kama, injin ya tsaya cak."

Na ce ai ko ya tsaya sai in juyo a hankali. Ya dube ni.

"Da me za ka juyo? Wannan abin ruwan da yake fesowa ta baya shi ne sitiyarinsa. Inji ya mutu, kai da gungume ɗaya ne. Iska ta kai ka inda take so."

Ya ɗaura agogon awon matsi a kowace silinda, muka juya injin, allurar ta tsaya kusan wuri ɗaya a duka biyun. Ya ce alhamdu lillahi, zuciyar lafiya lau, matsalar a hanyar abinci take. Ya zare tiyon mai guda, ya tsaga shi da wuƙa a tsaye. Daga waje ba ka ganin komai, amma cikinsa ya narke ya zama wani kore mai danƙo. Ya ce tsofaffin tiyo haka suke, su ruɓe ta ciki su riƙa tura dattinsu gaba. Muka canza su duka, ɗaya bayan ɗaya, don kada mu rikita wanda ke kai mai da wanda ke dawo da shi.

Kabireta ita ta ci mana kwana biyu. Ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya kawo tiren matarsa, ya sa ni kwancewa yana kallo. A cikin ta silindar baya akwai wata 'yar rariyar tace mai da ba ta kai kan ɗan yatsa ba, ta toshe da koren nan har haske ba ya wucewa. 'Yar fatar da ke tura mai kuma ta bushe ta yi tauri. Ya ba ni ita ya ce in lanƙwasa, ta tsage a hannuna. Na ɗauko allura zan zura a ƙananan ramukan mai, ya buge mini hannu.

"Hura ake yi. In ka faɗaɗa ramin nan ba mai mayar da shi."

Muka haɗa, muka tada. A nan ma yana da ƙa'ida da ba ya sassautawa: inji ya fara tashi kafin a saki ruwan tiyo, ruwa ya fara tsayawa kafin a kashe inji, in ba haka ba ruwa ya bi ta baya ya cika silinda. Injin ya tashi, tarin ya tafi. Na fara murna. Kawu bai motsa ba. Silon yana hawa yana sauka da kansa, kaɗan dai, ni ban ma ji ba sai da ya nuna mini da hannu, sama, ƙasa, sama, ƙasa.

"Yana shan iska ta inda bai kamata ba."

Ya yanki guntun tiyo, ya sa baki ɗaya a kunnensa, ɗayan yana bi da shi a hankali a gindin kabireta. Ya tsaya a wani wuri ya miƙo mini. Na ji wani siririn fito. Takardar da ke toshe tsakanin kabireta da inji ce ta tsage a kusurwa. Sai da muka sake kwance duk abin da muka haɗa.

A ranar ne, muna zaune muna jiran a kawo sabuwar takardar, ya ba ni labarin da mahaifiyata ma ba ta sani ba. Ya ce yana Yanbu, yana ganin ya iya, wani masunci ya zo da sauri da injinsa yana mutuwa a silo, yana so ya fita kafin rana ta yi zafi. Kawu yana da wani aiki a gabansa, sai ya murɗa masa sukurun ya ce je ka. Mutumin ya fita shi da ƙanensa. Injin ya kama a tsakiyar ruwa. Sai a rana ta biyu wani jirgi ya tsinto su, ruwan shansu ya ƙare, leɓunansu sun tsattsage, ƙanen ba ya gane mutane.

"Sun rayu," in ji Kawu. "Bai zage ni ba, bai kai ƙarata ba. Kullum in ya wuce sai ya yi mini sallama, wani lokaci har da kifi. Amma injinsa a kafaɗa yake ɗauka ya wuce ni, ya kai wa na gaba da ni. Haka ya yi har na bar garin."

Ya ɗauki kofin shayinsa ya ga ya huce, ya zubar.

Da aka gama, na ce sai Yanbu. Ya ce tukuna. Silon da aka saita a kan tirela ƙarya ne, don inji ba ya ɗauke da komai. Sai ya ji nauyin ruwa za a san gaskiyarsa. Na ce ina za mu sami ruwa a Madina? Ya nuna katangar gonar amininsa da haɓa.

A gonar akwai birka, babban kwarmin siminti da ake tara ruwan ban dabino. Mai gonar ya fito yana faɗa, yana cewa za a zuba wa itatuwansa mai. Kawu ya ce minti kaɗan ne, kuma a saki ruwan nan a fili, ba a gindin dabino ba, shi zai tada famfo ya cika masa wani. Suka yi ta musu kamar yadda suka saba, ƙarshe mai gonar da kansa ya riƙe igiya. Muka tsame ganye daga ruwan don kada injin ya zuƙa, muka zura babur ɗin, muka ɗaure shi a jikin dabino biyu. Ma'aikatan gonar suka bar aiki suka zagaye mu. Na hau na tada. Silon da ke daidai a tirela ya faɗi ƙasa nan take, kamar yadda ya faɗa. Kawu ya kwanta rub da ciki a bakin birkar, tsoho da furfura, hannunsa cikin injin, yana murɗa sukurun kaɗan kaɗan, sukurun nan dai da ya hana ni taɓawa.

"Yanzu lokacinsa ya yi," ya ce. "Shi ne na ƙarshe, ba na farko ba."

Duk da haka bai ba ni makullin in tafi da shi ba. Ya ce ruwan birka ba ya motsi. Ranar Asabar muka ɗauki hanya da sassafe, ni da shi da matata da 'ya'yana. Muna isa bakin teku ya naɗe rigarsa ya ɗaure a ƙugu, ya sa rigar ceto a kai, ya shiga ruwa har gwiwa. Na zaci zai tsaya nan ya saurara ne. Sai ya kama kafaɗata ya hau bayana. Matata ta kira ni ta ce in sauke shi, ya ɗaga mata hannu.

"Kada ka ba shi wuta. Bar shi ya kai mu da kansa."

Muka tafi a silo, a hankali, injin yana bugawa daidai ba tari ba girgiza. Da muka yi nisa ya ce in ba shi wuta, in saki, in ƙara, in saki gaba ɗaya. Duk lokacin da na saki sai injin ya sauko ya zauna bai mutu ba. Muka kai inda mutanen bakin ruwa suka zama ƙanana. Ya ce, "Kashe shi."

Na juyo na dube shi.

"Kashe shi, na ce."

Na kashe. Ba ka jin komai sai ruwa yana bugun gefen babur ɗin. Iska ta fara juya mu, na murɗa kan babur ɗin bai amsa ba. Na ji tsoro ya shige ni. Kawu ya bar ni a haka na ɗan lokaci, hannunsa a kafaɗata, yana kallon teku. Sannan ya ce in tada. Na danna sau ɗaya, ya ɗauka.

Da muka dawo ya sauka a ruwa mai kai ƙugu, ya tsaya yana maida numfashi. Ya kira babbar 'yata da hannu, ya duba ɗaurin rigar cetonta da kansa, ya ja igiyar ya ƙara matsewa. Ya juyo gare ni.

"To, ɗan ƙanwata. Yanzu ɗauki 'ya'yanka."

Wannan ita ce shigarsa teku ta ƙarshe. Ya ƙara azumi ɗaya a duniya, ya yi jinya ta kwana tara, ya cika da hantsi, kansa a cinyar mahaifiyata.

Ya Allah, bawanka ne ɗan bawanka, ya ji tsoron a cutu ta hannunsa, ya ɗauki fushin mutane don ya tsare rayukansu. Ka yafe masa kaifin bakinsa, ka yafe mini abin da na gaya masa. Ka yalwata masa makwanci a cikin maƙwabtan Manzonka, ka ba matarsa da ƙanwarsa haƙurin rashinsa. Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙonsa ya yi wa Kawuna addu'a. Amin.